Sanyi iri nawa ne?

A ajin ilimin harsuna an koya mana cewa kalma in ta ɗauki ma'ana da yawa, takan ɓoye fiye da abin da take faɗi. Ni dai ban ga misalin da ya kai "sanyi" a bakinmu mata ba. Ƙaiƙayi sanyi ne, farin ruwa mai wari sanyi ne, zafin fitsari sanyi, ciwon mara ma sanyi. Alhali cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta. Shi ya sa nake cewa rabin awon mata magana ce.

Ranar da na je, kafin sazfam ta taɓa ni sai da ta jero tambayoyi: "Ɗiyata, yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe? Kwana nawa take yi miki?" Ranar farko da jini ya zo take nema. Ta ce tazarar kwana 21 zuwa 35 tsakanin al'ada da al'ada ba abin damuwa ba ne. Daga nan ta auna tansiyo da nauyi, ta duba nono ko akwai ƙullutu, ta danna mara tana tambaya ina ke ciwo.

Sai ƙarfen nan da ake ba mu tsoro da shi, sipekulom, mai kama da bakin agwagwa. Aikinsa buɗe hanya don a ga bakin mahaifa. Yayata ta ce yana da sanyi, sanyi na gaske wannan karon, kuma in ka saki jiki minti kaɗan ne. Ni ba a sa mini ba, don galibi ba a sa wa budurwar da ba ta taɓa saduwa da namiji ba. In ana son ganin ciki sai a yi ekografi ta kan mara, shi ne ake cewa ki sha ruwa ki riƙe fitsari.

Yayyenmu da iyayenmu mata su ne awon bakin mahaifa ya fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi daga shekara 30. Ana shafa ruwan binegar a wurin, bayan minti ɗaya in akwai tabo sai ya yi fari. Kansar bakin mahaifa takan yi shekaru tana tafiya ba ciwo, kuma in an gano tabon da wuri ana magance shi.

Ƴar'uwa, kina da damar ki nemi mace ta duba ki, ki tambayi abin da za a yi miki, ki ce a dakata in kin ji zafi. In baki zai yi miki nauyi, rubuta a takarda tun daga gida: launin ruwan, warinsa, kwana nawa, maganin da kika sha ko kika matsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In aka ce miki "Me ke damunki?", kada ki tsaya a "sanyi". Faɗi wane iri.