Shataletale Amana Ne

Mu Hausawan Abakpa Nike da sauran unguwannin Inugu ba mu tashi da al'adar kafa mutum-mutumi ba, kuma addininmu bai kwaɗaita mana ita ba. Duk da haka, zaman shekaru ya sa mun san darajar wanda ke tsaye a shataletalen New Market, wato na mahaƙan kwal. An kafa shi ne don tunawa da leburori 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Da shi muke yi wa baƙo kwatancen hanya, da shi kuma muke ba 'ya'yanmu tarihin garin da ya karɓe mu, garin da har ya zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko.

Abin da ke damunmu shi ne, irin waɗannan ayyuka sukan kwana tsaye, gari ya waye babu su. A 2020 hukumomin Legas suka ɗauke mutum-mutumin Fela daga shataletalen Allen a Ikeja, shekara biyu kacal da kafa shi, wai don a rage cunkoson motoci. A Kano kuwa, a watan Yunin 2023, katafila ta rushe shataletalen gidan gwamnati, wanda Kaltume Gana ta zana don cikar jihar shekara 50. Wannan ko siffar mai rai babu a jikinsa. Sai da ƙura ta tashi sannan aka nemi mai zanen, aka yi alkawarin sake gina shi a wani wuri. Ashe an yi ihu bayan hari ke nan.

Ba mu ce hukuma ba ta da ikon gyara titi ba. Gari yakan bunƙasa, hanya takan yi kaɗan. Amma fa aikin fasaha mai uku gare shi: gwanin da ya ƙaga shi, jama'ar da aka biya da kuɗinsu, da hukumar da aka ba ajiya. Mai ajiya kuwa ba ya fasa tukunya don ɗakinsa ya cika, sai dai ya kira mai ita.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan ladabi doka. Alal misali, a Amurka wata doka ta 1990 ta tanadi cewa mai gini ya ba mai fasaha sanarwar kwana 90 domin ya zo ya cire aikinsa kafin a rushe. Mu ma abin da muke roƙon ƙananan hukumomi da gwamnatocin jihohi bai wuce haka ba: a sanar da jama'a, a tuntuɓi mai aikin ko magadansa, a nemi wani fili ko gidan tarihi. In duk wannan ya faskara, sai a miƙa masa kayansa lafiya lau, da rubutacciyar shaida.

Mayarwar ma ba ta rasa asara, domin abin da dubbai ke gani kullum zai koma bayan katangar mutum guda. Sai dai abin da aka adana yana iya sake fitowa in mulki ya sauya hannu, ɓaraguzai kuwa sai bola. Mu da ke zaune nesa da gida mun fi kowa sanin zafin a share alamar mutum daga gari ba tare da an ko yi masa sallama ba.