Na'urar CD mai bawul ta gidan Baba, da wani roƙo ga masu tafiya hutu

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman 'yan injiniya da 'yan fiziks. Yau ba maganar kuɗin makaranta ko motar tafiya gida na zo da ita ba. Magana ce a kan wata na'urar saka faifan CD da na yi kusan wata biyu ina bincika. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri, amma akwai roƙon da zan yi a ƙarshe wanda ya shafi har wanda bai taɓa riƙe sukudireba ba.

Waɗanda suka san ni sun san ina digiri na biyu a fannin lantarki a nan Ibadan, kuma ina haya a bayan gidan wani dattijo Bayarabe da duk layin ke kira Baba. Ya haura shekara 80. A ƙuruciyarsa aikin gyaran na'urori ya yi a gidan talabijin, kuma kun san a garin nan aka buɗe tashar talabijin ta farko a Najeriya, WNTV, a 1959, lokacin da kusan komai na watsa shirye-shirye da bawul yake aiki. Ɗansa da ke Ingila ne ya aiko masa da na'urar shekarun baya, saboda ya san har yau tsohon bai daina kewar bawul ba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba talla nake yi ba.

To mene ne bawul ɗin? 'Yar kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta. A ciki akwai siririyar waya da ke ɗaukar zafi, ta gasa wani ƙarfe har ya riƙa sakin ilektoron, su kuma su yi tsalle zuwa wani faranti da ke jan su. A tsakani akwai wata 'yar raga. Ɗan ƙaramin sigina da ka ba ragar nan shi ke rage ko ƙara kwararar, kamar yadda yatsu biyu ke juya kan famfo su sarrafa ruwan tanki guda. Fleming ne ya ƙirƙiro na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara ragar a 1906. Da aka ƙirƙiro taransista a 1947, a hankali bawul ya fita daga rediyo da talabijin, ya rage a hannun masu jita da masu tsananin son sauti.

Shi kuwa faifan CD, Sony da Philips ne suka fito da shi a 1982. Lambobi ne zalla a cikinsa: an yanka kowace daƙiƙa ta sauti gida 44,100, kowane yanki an rubuta shi da bit 16. Hasken leza ne ke karanta su, yana farawa daga tsakiyar faifan zuwa baki. Daga nan wani ɗan guntu da ake kira DAC ya mayar da lambobin sigina. Duk wannan babu ruwan bawul. Aikinsa a matakin ƙarshe yake, inda ake ɗan ƙarfafa siginar kafin a miƙa ta ga amfilifaya. Saboda haka duk wanda ya ce muku bawul ya mayar da CD kamar faifan garmaho, ya yi ƙarin gishiri. Tun tsakiyar shekarun 1980 wani kamfani a Amurka, California Audio Labs, ya fara wannan haɗin gambiza, daga baya irin su Jolida, da Shanling na China, da Njoe Tjoeb na Holan suka biyo.

Dalilin da ya sa na ga cikinta shi ne tiren da ake ɗora faifai ya fara gardama, sai an ɗan tura shi da yatsa. Baba ya ce idonsa ya yi rauni, in zo in zame masa hannu. Ɗaga ta kawai da na yi na san da bambanci: ta kai nauyin DVD huɗu irin waɗanda muke saye a kasuwa. Gabanta farantin alminiyam ne mai kauri, jikinta ƙarfe, ƙafafunta roba mai taushi don kada girgizar tebur ta kai ga leza. Sukurori ne na yau da kullum, babu gam, babu ƙugiyar roba da ke karyewa in ka taɓa.

A ciki taransifoma biyu ne, ɗaya na ɓangaren lambobi da mota, ɗaya na ɓangaren bawul, don kada hayaniyar wancan ta shiga wannan. Fanel ɗin sauti daban yake, kuma kowace kafasita da resista kana ganin ta da idonka, da lambarta a rubuce a gefe. Bawul biyu ne, lamba 6922, kowanne da ƙafa 9, suna zaune a soket, ana zare su da hannu kamar ƙwan fitila. Baba ya kalle su ya yi dariya, ya ce, "Malam, waɗannan ai 'yan gidanmu ne." Gaskiyarsa, domin danginsu, ECC88, tun asali don sashen kamo tasha na talabijin aka ƙera su. Matsalar tiren kuwa ɗan bel ne na roba da ya saki. Muka samo wani a wurin mai gyaran rediyo, cikin minti 10 aka gama. Ka kwatanta da wayar da ke hannunka yanzu, wadda ko batir sai an gasa bayanta kafin a cire.

Kada in yi ta yabo kamar dillali, tana da nata wahalhalun. Bawul na son wuta mai ƙarfi a farantinsa, sau da yawa bolt 100 ko fiye, kuma manyan kafasitocin na riƙe caji bayan an kashe. Duk wanda zai buɗe irinta ya sauke cajin tukuna, ba wasa ba ne. Tana zafi, ga zafin Ibadan ga danshi. In ka kunna sai ka jira ta ɗumama kafin ta yi magana, kuma Baba ba ya yarda a saurara sai ta yi kamar minti 15. In ka ƙwanƙwasa jikin bawul da farce kana jin ƙarar a lasifika. Wutar da ke zuwa tana ɗaukewa sau biyar a yini kuwa ita ce babbar abokiyar gabarta, shi ya sa ba ta rabuwa da sitabilaiza. Bawul kuma yana tsufa. An ƙera 6922 don ya yi awa 10,000, amma in ya mutu sai an yi odar wani, kuma masana'antun da suka rage 'yan kaɗan ne, yawanci a Rasha, Sulobakiya da China. A 2022, da yaƙin Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, sai da bawul ya yi wuyar samu a duniya. Sannan ga mai sha'awar sayen tokumbo a Alaba, a duba bayanta: ta Amurka bolt 120 take sha, tamu wutar 230 ce, kana sokawa an gama.

Yanzu sauti. Na san halinmu, in abu ya yi tsada kuma yana haske ja a cikin duhu, kunne zai rantse ya fi daɗi tun kafin a kunna. Saboda haka na kira abokai biyu, ɗaya ɗan Gombe ɗaya ɗan Zariya, muka shirya gwaji. Muka jona ta da wata DVD ta talaka a amfilifaya ɗaya da lasifika ɗaya. Muka daidaita ƙarfin ƙararsu da mita, domin duk wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke zaɓa. Mai saurare ya juya baya, wani yana sauyawa. Faya-fayan Baba muka yi amfani da su, na asali, na King Sunny Ade da Ebenezer Obey.

Abin da muka ji shi ne: bambancin yana nan, amma ƙarami ne. A muryar mutum da jita, mai bawul ta fi cika, kamar mawaƙin ya matso kusa da taku ɗaya. Kaifin kuge da shantu-shantun sama ya ɗan yi laushi, ba ya sukar kunne ko an daɗe. A ganga mai nauyi kuwa DVD ɗin ba ta bar mata komai ba, ɗan Gombe ma cewa ya yi ta DVD ta fi tsauri. A wasu waƙoƙin mun kasa bambancewa sam, canki-canka kawai muka riƙa yi.

Da na koma ɗaki na buga faifan gwaji mai sauti ɗaya tak, bugu 1,000 a daƙiƙa, na ɗauki abin da ke fitowa daga kowacce a kwamfuta. Ta DVD layi ɗaya ta nuna, tsaf. Mai bawul ta nuna layin, ga kuma wani ɗan ƙarami a 2,000 wanda babu shi a faifan. Wato a ma'aunin lab, mai tsadar ita ce ta fi gurɓata sauti. Sai dai irin gurɓatawar ce ke da daɗi, domin ninki biyu na sauti shi ne dai sautin a sama, kamar yaro da babba su haɗa baki a karatu ɗaya, murya siririya a kan mai kauri. Abin da masu sha'awa ke kira ɗumi ke nan. Ɗan yaji ne aka barbaɗa, wanda ke so ya biya kuɗinsa, wanda ba ya so bai yi asarar komai ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka ya faru ne da muka ce bari mu ji namu. Ɗan Zariya ya kawo faifan Shata da ya sa aka buga masa daga memori. Wallahi ba sai an juya baya ba. Kalangu ya koma kamar ana kaɗa shi a cikin randa, 'yan amshi sun dunƙule wuri ɗaya, ga wani shuu-shuu yana bin muryar kamar ruwa a kwano. A iyafis ɗin waya ba ma lura da wannan, amma na'urar nan ba ta rufa wa faifai asiri. Baba, wanda ya san Shata tun zamansa a Kaduna, ya saurara na ɗan lokaci ya ce, "Malam, mutumin nan ba haka muryarsa take ba. Wa ya yi masa haka?" Babu wanda ya amsa a cikinmu.

Amsar lissafi ce. CD na ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. MP3 da aka saba da shi 128 ne, wato an zubar da kusan kashi 10 cikin 11. Na duba fayilolin memorin nan, 64 ne, kuma da alama daga tsohon kaset aka ɗauko su, aka matse, wani ya sa a bidiyo, wani ya sake cirowa ya matse. Kowace matsa da abin da take tafiya da shi, kuma ba ya dawowa. Ko ka kawo bawul na zinare, abin da aka zubar ya zubu. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Ba za su sake shiga situdiyo ba. Abin da ya rage mai kyau na muryarsu yana kan garmaho da kaset da CD na farko-farko, kuma da yawa daga cikinsu suna cikin kwali a ɗakin ajiya na gidajenmu, zafi da ƙura suna ci, ko yara suna wasan mota da su.

To ga roƙon. Hutun ƙarshen semista ya kusa. In kun je gida ku tambayi Baba ko Kawu ko Inna ina kwalin kaset da faya-fayan nan. Ba na waƙa kaɗai ba, har karatun malaman garinku, da wa'azi, da kaset ɗin bikin iyayenku. Ku raba su da rana da danshi. Faifan CD a riƙe shi ta baki, a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa waje, kada a bi da'ira. A kula da bayan da ke da rubutu, domin bayanan suna dab da ƙarƙashinsa, ƙarzuwa a nan ta fi ta gaba illa. Waɗanda aka buga a shago sun fi saurin lalacewa, a fara da su. In za a kwafa a kwamfuta a zaɓi WAV ko FLAC, kada a zaɓi MP3. Akwai manhaja kyauta, Exact Audio Copy, da ke wannan aikin. Faifai guda cike da sauti yakan kai kusan megabait 800, FLAC kuma yana rage kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu, a rubuta sunan mai muryar da shekara in an sani.

Wanda ba shi da kwamfuta mai cin faifai, in yana Ibadan ko kusa, ya taho da su bayan hutu. Ina da abin karantawa, kuma na samo rediyo mai kaset da ke aiki. Ranakun Asabar bayan la'asar ina gida, ba na karɓar ko sisi, kuma faifanka a hannunka za ka koma da shi. Allah ya kai mu gida lafiya, ya ba masu difens sa'a.