Kada Mu Jira Yana Ta Nuna

Wannan watan labarin gidanmu muka kawo muku, ko Allah ya sa wani ya tsira da idonsa.

Muna da gwaggo a nan Kumasi, wadda yana ta shekara uku tana rufe mata idon dama. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, "Hajiya, a bari ta nuna tukuna, likita ba ya taɓa ɗanyar yana." Mu ma muka yarda, don haka muka taso muna ji.

Wani dare sai idon ya yi ja wur, ga ciwon kai ɓari guda, har da amai. Muka ɗauka zazzaɓi ne, muka sayo magani a kemis. Sai da ta kwana tara tana fama kafin muka kai ta asibitin ido.

A can likita ya zaunar da mu. Ya ce yana ba fata ce a saman ido ba. Akwai wata ƙwaya garau kamar gilashi a cikin ido, ita ce ke dusashewa. In ta daɗe ƙwarai, ko ta kumbura ta tare hanyar da ruwan ido ke fita, ko ta narke, gurɓinta ya toshe magudanar. Sai ruwa ya taru, matsi ya hau, abin da muke kira hawan jinin ido. Awon lafiyayyen ido tsakanin 10 ne da 21. Na Gwaggo ya wuce 50. Wannan matsi shi ke kashe jijiyar gani, kuma in ta mutu ba ta dawowa. Saboda haka a nan kwanaki ake ƙirgawa, ba watanni ba.

Suka sauke matsin da maganin ɗigawa da ƙwayoyi, bayan kwana biyu suka cire yanar. Ciwo ya tafi, amma idon haske kawai yake gani. Na hagu kuwa, da aka yi masa aiki da wuri, da shi take zura zare a allura yau.

Maganar jiran nuna ta zamanin da ce, lokacin da ake cire yana a bar mutum da tabarau mai kauri. Yanzu ƙwayar roba ake sa wa ido a madadinta. Wanda ya fara wannan aiki a Landan a 1949, Dakta Harold Ridley, ya taɓa zama a ƙasar nan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har ya binciki makantar bakin kogi a arewa.

To jama'a, da zarar yana ta hana tsoho karatu ko gane fuskar jikansa, lokaci ya yi. In kuma ido mai yana ya yi ja da ciwo, a ranar za a tafi asibiti. Mu dai mun yi da-na-sani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.