Shekarar da Mai Allurar Karnuka Bai Zo Ba

A ƙauyenmu da ke gefen Zariya, duk shekara bayan an kai amfanin gona gida, akwai wani malamin dabbobi da yakan shigo a kan babur, da ƙaramar kula ɗaure a baya. Yakan tsaya gindin tsamiyar bakin kasuwa, masu awaki da tumaki su yi masa layi, daga baya 'yan farauta da masu karnukan gadi su jawo nasu a igiya. Ya soka allura, ya rubuta kwanan wata a kati, ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In gaya maka gaskiya, a lokacin kallon ɓarnar kuɗi nake yi wa layin karnukan. Na ɗauka allurar kare gata ce irin ta masu kuɗin birni.

Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuni kuma darajar naira ta zube. Kaka ta zo, malamin bai zo ba. Ya aiko cewa man zuwa da dawowa ya fi abin da zai samu, ga shi allurar sai a sanyi take zama, firji sai da janareto, janareto kuma sai da mai. Mai buƙata ya kai dabbarsa gari.

Masu awaki sun kai, domin akuya kuɗi ce a tsaye. Kare fa? Wane direba ne zai yarda a saka masa kare a mota, fasinjojinsa na da alwala? Sai dai a yi shata. Kawuna ya lissafa, ya ce a bari sai an sayar da wake. Haka Ɗan Baƙi, karen da ke kwana bakin garke yana hana ɓarayi sakat, ya zama shi kaɗai a gidan da bai ga allura ba.

Da hunturu abin ya faru, da sassafe, hazo ya rufe gari, ana dama koko. Na ji ihun autana, ɗan shekara shida, ihun da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Na iske shi a ƙasa kusa da murhu, ƙwaurinsa na jini, ga sawun haƙora. Kare ya koma lungu yana lasar baki. Kawu ya jawo ni gefe, muryarsa na rawa, ya ce makonni kaɗan da suka wuce wani baƙon kare ya shigo cikin dare sun yi faɗa, har ya yage wa Ɗan Baƙi kunne.

Gida ya cika. Wata ta ce a yanko gashin karen a ƙona a shafa, wata ta ce a zuba kananzir. Samari sun ɗebo sanduna. Allah ya sa akwai wata maƙwabciyarmu malamar asibiti, ta ratsa mutane ta ce, "Ku ba ni sabulu da ruwa, da yawa." Ta durƙusa tana wanke ciwon, yaro na kuka, uwarsa na kuka, ba ta ɗaga ba sai da ta cika minti 15. Ni kuma na kira malamin dabbobi.

"Kada ku kashe shi," in ji shi. "Ku ɗaure shi, ku ba shi ci da sha, ku sa masa ido kwana 10. In da cutar haukan kare a yawunsa ranar da ya yi cizon, ba zai kai haka lafiya ba. Amma yaro kada ku jira, yau a fara masa allura. Karanta mini katinsa."

Na karanta masa kwanan watan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ku kama hanya."

Asibitin farko babu allurar. Muka bi shagunan magani ɗaya bayan ɗaya, yaro a kafaɗata, ƙura a bakina. Inda muka samu, da aka faɗi kuɗin sai na zauna a kan benci. Mai shagon ya ce daga waje ake shigo da ita, da dala ake saye. Kuma ba ɗaya ba ce: ta ranar farko, ta rana ta 3, ta rana ta 7, da sauran da ke biye. Washegari Kawu da kansa ya kwance akuya da ɗanta ya ja su kasuwa. Bai bari kowa ya raka shi ba.

Malamar ce ta gaya mini abin da ban sani ba, cewa ciwon haukan kare in ya fara nunawa a jikin mutum, har ya kasa haɗiyar ruwa, to sai dai addu'a. Tun daga nan maiɗakina ta dinga bin yaron da kofi. Dare da rana, "Auta, sha." Ta zuba wa maƙogwaronsa ido har sai ya haɗiye. Ni kuma kowace asuba kafin masallaci sai na leƙa bayan garke da tocila, ina duba ko kare na dalalar yawu, ko haushinsa ya canza, ko yana cizon igiya. Kullum na tarar da Kawu ya riga ni, tsugune da carbi.

Kwana 10 suka cika, Ɗan Baƙi na cin tuwonsa yana kaɗa bindi. Daga baya Auta ya ce karen barci yake a cikin toka shi kuma ya taka masa wutsiya. Muka bi maganar likita har ƙarshe, yaro ya warke. Abin da alluransa suka ci kuwa ya isa a yi wa karnukan unguwarmu duka rigakafi.

Sai a lokacin na gane don wa ake layin nan na gindin tsamiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ne wannan cuta ke kashewa duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar takan daina yawo. Allurar karnukan ma a ƙasarmu ake yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. Kuɗin mai ne kawai ya raba mu da ita.

Yanzu da an gama girbi muna haɗa kuɗin man malamin, masu kare da marasa kare, mu tsayar masa da rana. Kawu ne ke bi gida-gida da littafi. Wanda ya ce shi ba ya kiwon kare, sai Kawu ya tambaye shi 'ya'yansa nawa ke wasa a titi.