Yaya Yahuza Ya Mutu?

Bayan sujadar Lahadi wani saurayi daga zumuntarmu ya biyo ni har gida. Ya ƙi zama. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba Fasto, ka duba abin da abokina ya turo mini. Kwana uku ban iya yin addu'a ba."

Ayoyi biyu ne aka jera. Matiyu 27 ya ce Yahuza ya watsar da azurfa talatin ɗin a Haikali, ya je ya rataye kansa, manyan firistoci suka sayi filin maginin tukwane da kuɗin. Ayyukan Manzanni 1 kuwa ya ce Yahuza ne ya sami fili da ladan muguntarsa, ya faɗi da ka, cikinsa ya fashe. A ƙasa an rubuta: wanne ne gaskiya?

Na san ciwon nan. Ni ma ya kama ni a shekarata ta farko a makarantar tauhidi, na kuwa ɓoye shi wata da watanni, don ina tsoron a ce mai shirin zama fasto yana shakka.

Akwai amsar da aka daɗe ana bayarwa: ya rataye kansa, daga baya gawar ta faɗo ta fashe. Kuɗin kuma, tun da firistoci sun ƙi sa shi a baitulmalin Haikali don kuɗin jini ne, bai daina zama na Yahuza ba, saboda haka filin nasa ne. Batun filin ya gamsar da ni sosai. Ko a garinmu, in an sayi gona da kuɗin mutum, sunansa ake kira. Batun faɗowar gawa mai yiwuwa ne, amma na gaya wa yaron gaskiya: babu ayar da ta faɗi haka, mu ne muka haɗa. Bai kamata mu sa wa Littafi Mai Tsarki magana a baki don mu kāre shi ba.

Abin da ya warkar da ni dabam ne. Malaminmu ya sa muka buɗe 2 Sama'ila 17, inda Ahitofel, mashawarcin Dawuda da ya ci amanarsa, ya koma gida ya rataye kansa. Matiyu yana rubuta wa mutanen da suka san labarin nan tun suna yara. Da jin yadda Yahuza ya ƙare, sun gane: wanda ya ci amanar Ɗan Dawuda ya bi sawun wanda ya ci amanar Dawuda. Luka kuwa yana bayyana dalilin da ya sa gurbi ya buɗe cikin sha biyun har aka zaɓi Matiyas, da yadda mutanen Urushalima suka san wurin da suna Filin Jini. A kan cin amanar, da kuɗin, da filin, da sunansa, da mugun ƙarshe, bakinsu ɗaya.

Kada kuma ku ɗauka jiya aka gano irin wannan. Tun ƙarni na 2 wani mai suna Tatiyan ya narkar da bishara huɗu ta zama ɗaya, ikilisiyoyin Siriya suka daɗe suna karanta ta, amma a ƙarshe aka koma ga huɗun yadda suke. Da iyayenmu cikin bangaskiya masu gyaran shaida ne, da sun share bambancin tun tuni. Shaidu biyu da ba su saɓa ko da kalma ɗaya ba, alƙali ma yakan yi zargin sun haɗa baki.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To, me zan ce wa abokina?"

Na ce, "Ɗana, kada ka yi faɗa da shi. Ka ce ya zo ku karanta surorin biyu gaba ɗaya, ba aya ɗaya-ɗaya ba."

Ya ce zai gwada. Ya zauna, muka yi addu'a, matata ta kawo tuwo. Yana wanke hannu ya tambaye ni ko mala'ika ɗaya ne ko biyu a bakin kabari. Na ce ya kawo wannan ranar Laraba, a gaban kowa.