Jirgin Kawu

A bakin kogin Isa, kusa da garin Gaya, akwai wani maharbi mai ƙaramin jirgin ruwa na ƙarfe. Da shi yake kutsawa cikin ciyawar ruwa, yana farautar dinya da kirinjijiya. Wata shekara tsatsa ta ci gindin jirgin, har ruwa ya fara tsattsafowa ciki. Ga shi ba ya da kuɗin sayen wani.

Da bazara ta yi, ruwa ya ja baya, shi da ɗan ƙanwarsa suka jawo jirgin, suka kife shi a inuwar gawo. Yaron ya ɗauko gwangwanin fenti.

— Kawu, in fara shafawa?

— A'a, ɗana. Fentin da aka shafa bisa tsatsa ɓarewa yake yi.

Kwana 3 suna kankare ƙarfe da buroshin waya. Hannun yaron ya yi kanta. A ƙarƙashin tsatsar suka tarar da ƴan huji biyu, mai walda ya liƙe su. Suka wanke jirgin da sabulu, ya bushe ƙayau. Da sassafe suka shafa jan fenti mai hana tsatsa, domin da rana ƙarfe ba ya taɓuwa. Suka ba shi kwana guda.

Yaron shuɗi mai ƙyalli yake so. Kawu ya yi dariya.

— Tsuntsu yana da ido. Launin ciyawa za mu sa.

Ranar da suka tura jirgin cikin kogi, yaron ya duƙa ya shafa cikinsa. Babu ko ɗigon ruwa.