Kofin da Shayi Ba Ya Hucewa a Cikinsa

Shayi abu ne mai gajeren kwana. Sa'ad da aka sauke shi daga wuta ba ya shawuwa don zafi, in kuwa aka bar shi aka tafi alwala aka dawo, sai a tarar ya yi sanyi, daɗinsa ya gudu. Tsakanin ƙunar nan da sanyin nan akwai wani ɗan lokaci da shayi ko gahawa ya ke daidai da baki, amma lokacin ba shi da yawa, balle a kwanakin hunturu.

Wanda ke zaune kusa da murhu ba zai ga abin damuwa a nan ba, gama in ya huce sai a sake ɗora shi. Amma a tuna da mai gadi wanda zai kwana a bakin kanti har asuba, da direban babbar mota tsakanin Kano da Ikko, da mai jinya a asibiti inda ba a hura wuta, da maijego. Ga irin waɗannan, kurɓin abu mai ɗumi da tsakar dare ba ƙaramin abu ba ne. Ko a gida ma, duk sake ɗumamawa itace ya ke ci, ko gawayi, ko kananzir, watau kuɗi. Shi ya sa filas ya shiga gidaje har ya sami wuri cikin kayan ɗakin amarya, ga kuma ƙanensa ya biyo shi, watau kofin ƙarfe mai murfi wanda a ke sha da shi kai tsaye.

Kafin a gane aikin kofin nan, sai a san yadda zafi ya ke gudu. Zafi kullum tafiya ya ke yi daga abu mai zafi zuwa abu mai sanyi, ba ya tsayawa sai sun yi daidai. Hanyoyi uku gare shi. Ta fari, yana bin jikin abu: a sa cokali cikin shayi, jim kaɗan sai mariƙinsa ya ɗauki zafi. Ta biyu, iska ko ruwa su kan ɗauke shi: iskar da ta taɓa kofi ta yi ɗumi sai ta tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta, ita ma ta ɗebi rabonta. Ta uku, yana tafiya kamar haske, ba sai wani abu ya ɗauke shi ba. Ta haka zafin rana ya ke isowa duniya, ta haka kuma mai jin ɗumi ya ke jin wuta a fuskarsa ko bai taɓa ta ba. Ban da waɗannan, tururin da ke tashi daga bakin kofi shi ma da zafi mai yawa ya ke tafiya.

Mutumin da ya tare hanyoyin nan ba shayi ne ya dame shi ba. Sunansa James Dewar, an haife shi a Sikotilan a 1842, ya zama babban malamin kimiyya a cibiyar bincike ta Royal Institution da ke Landan. Aikinsa shi ne sanyaya iska har ta zama ruwa. Iskar oksijin, wadda ke raya duk mai numfashi, ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 183 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. In aka zuba irin wannan ruwa a kwalbar yau da kullum, ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya tafasa shi ya koma iska, wahala ta tashi a banza. To, a 1892 sai ya fito da dabara. Aka yi kwalabe biyu, ɗaya cikin ɗaya, ba inda suka haɗu sai a wuya, aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Tun da ba kome a tsakani, zafi bai sami jikin da zai bi ba, bai kuma sami iskar da za ta ɗauke shi ba. Saura hanya ta uku, ita kuwa sai aka shafe jikin kwalaben da azurfa kamar madubi, domin zafi in ya zo ya koma inda ya fito. A 1898 Dewar ya ci nasarar mai da iskar haidirojin ruwa, wadda ta fi oksijin wuyar sanyaya nesa ba kusa ba.

Amma Dewar bai yi rajistar dabarar da sunansa ba. A Jamus akwai wani gwanin aikin gilashi, Reinhold Burger, wanda ya lura cewa abin da ke hana zafi shiga shi ne zai hana shi fita. Ya ƙarfafa kwalbar, ya yi mata gida na ƙarfe, ya yi rajistarta a 1903. A 1904 aka fara sayar da ita da sunan Thermos, wanda aka ciro daga kalmar zafi ta harshen Girka. Dewar ya kai ƙara kotu, bai ci nasara ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka har wa yau masana kimiyya da sunansa su ke kiran tulunan da su ke ajiye iska mai ruwa a ciki, shi kuwa ya rasu a 1923.

Kwalba tana da aibi guda, watau fashewa. Duk gidan da aka taɓa yar da filas an san ƙarar nan ta tsakuwa da a ke ji in an girgiza shi. A 1913 wani mutumin Amurka, William Stanley, ya ƙera nasa da ƙarfe zalla, ba gilashi. Da aikin ƙarfen da ba ya tsatsa ya ci gaba, sai aka iya yin bango biyu siriri mara nauyi, har abin ya ƙanƙance ya zama kofi.

Kofunan da ke kasuwa iri biyu ne, kuma a ido kusan ɗaya su ke. Akwai mai bango biyu wanda aka bar iska ko soso a tsakani. Wannan yana jinkirta hucewa kaɗan ne kawai. Akwai kuma wanda aka zuƙe iskarsa irin na Dewar, shi ne mai riƙe zafi sa'o'i. Mai saye yana iya gwadawa: ya cika kofin da tafasasshen ruwa, ya rufe, bayan ɗan lokaci ya taɓa cikinsa daga waje. In ya ji zafi a tafin hannunsa, to, zafin shayinsa ke nan ya ke fita. Haka kuma kofi mai kyau in ya faɗi ya lotsa har bangon waje ya taɓa na ciki, ko ya huje iska ta shiga, aikinsa ya ƙare. Murfi kuwa shi ne ƙofar ɓarawo, domin ta nan yawancin zafi ke sulalewa. Wanda ya ɗauraye kofin da ruwan zafi kafin ya zuba shayi, ya cika shi, ya rufe da kyau, shi ne zai ci moriyarsa.

Kada a ɗauka aikinsa ɗaya da na randa. Randa tana sanyaya ruwa ne da kanta: ruwa ya tsattsafo ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Kofin nan kuwa ba ya ƙara kome, ba ya rage kome. Amana kawai ya ke riƙewa. In an ba shi zafi ya tsare zafi, in an ba shi ƙanƙara ya tsare sanyi.

A nan ne kuma haɗarinsa ya ke. Ruwa yana tafasa a digiri 100, kofi na gari kuwa ya kan tsare shayi da zafin da ya fi ƙarfin baki har bayan an manta lokacin da aka zuba shi. Da ya ke jikinsa na waje ba ya zafi, hannu ba ya yi wa baki gargaɗi, sai mutum ya kafa kai ya kurɓa ya ƙone. A 2016 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sabo da shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo ciwon daji a maƙoshi, watau hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Ba ganyen shayi ko gahawa aka zarga ba, zafin ne. Maganin abin kuwa ba kuɗi ya ke ci ba: a bar shayi ya ɗan sha iska kafin a rufe shi, ko a buɗe murfi a jira kafin a sha. A kuma nisanta shi daga hannun yara.

Haɗari na biyu kishiyar na fari ne. Ba kofin da ke riƙe zafi har abada. In shayi mai madara, ko kunu, ya daɗe a ciki har ya sauko ƙasa da digiri 60, ya shiga ɗumin da ƙwayoyin cuta su ke so. Don haka ya fi kyau a ajiye shayi baƙi, a zuba madara lokacin sha. Madarar jariri da aka riga aka dama ba a ajiye ta a filas ko kaɗan. Murfi kuma a riƙa warware shi ana wanke robarsa da sabulu, gama nan dauɗa ta ke ɓuya inda ido ba ya gani.

Wanda ya san waɗannan ba za a sayar masa da kofin banza ba, ba kuwa zai cuci kansa ko iyalinsa da na gari ba. Allah ya sa abin da aka karanta ya yi amfani.